Arzika Mai Batir da Akori-kurar Babansa

Duk wanda ya san Jega ya san rigar Arzika kafin ya san fuskarsa. Ruwan batir ya huda ta gaba da baya, har aljihun ba ya riƙe goro. Matarsa Kyauta ta daɗe da daina ɗinke masa, ta ce allura ma tana da haƙƙi a kanta. Yanzu ya manyanta, gemu ya yi fari, aikinsa ya koma haɗa wa manoman albasa faifan sola a bakin rijiyoyinsu, amma rigar tana nan yadda na san ta. Ni sunana Idi, dillalin albasa ne ni a kasuwar Aliero. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, wato taubashina ne, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuma sai dai ya yi haƙuri.

Ubansa, Kawu Ummaru, direba ne na gaske, irin waɗanda ke sanin mota da kunne. Yana da wata farar akori-kura ƙirar Fijo da ya saya tun muna yara. Da ita ya yi ta jigilar albasa daga Danwarai zuwa Aliero, ranar kasuwar Jega kuma ya kwaso gero da dawa daga Gehuru. In mota ta wuce ta bayan katanga yana cin tuwo, sai ya gaya maka ta wane ce, da abin da ke damunta, da ko direban ya yi sallar asuba. Na ƙarshen nan ƙari ne nawa, amma saura kaɗan ya kai can.

Burinsa Arzika ya gaje shi. Arzika kuwa kunnensa na ado ne. Za a ɗora shi a kujerar direba, inji yana ta kuka yana neman a canja giya, shi kuma hankalinsa yana kan wata jar waya da ta leƙo daga ƙarƙashin sitiyari. Tun yana ƙarami haka yake. Ya kwance tocilan ɗin uwarsa, ya kwance rediyon Kawu, ya taɓa kwance agogon maƙwabta da aka aike shi ya mayar musu. Rabin abin da ya taɓa ya tashi, rabin kuma tafiyarsa ke nan. Da Kawu ya gaji, sai ya kai shi wurin wani mai gyaran wayarin mota a Sakkwato, ya ce a riƙe shi tunda abin da ya zaɓa ke nan.

Ya dawo ya kafa rumfa kusa da tashar Jega, yana cajin batir, yana narka dalma yana sabunta waɗanda suka mutu, yana bin wayarin motoci. Direbobi suna yaba shi ƙwarai. Kawu bai taɓa kushe shi a gaban mutane ba, bai kuma taɓa yaba shi ba. In an ce masa ɗanka fa gwani ne, sai ya ce, "To, madalla," ya koma kan maganar da ake yi. Abin yana cin Arzika a rai, ko da yake ba ya faɗa.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Kawu gani, a hankali a hankali, har ta kai ba ya bambanta mutum da turke. Ya ajiye tuƙi. Arzika ya riƙa fita da motar ranakun kasuwa, yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da kwandon ƙwai. Kowace safiya Kawu zai fito ya zauna a dakalin ƙofar gida don ya ji ta tashi. Zai karkata kai ya saurara, ya ce a duba kaza, a ƙara wa kaza ruwa, sannan ya sallame su. Wannan sauraren shi ne aikin da ya rage masa a duniya, kuma yana yin sa da gaske.

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, sai ga wahalar man fetur, wadda har yau in tsofaffin direbobi suka tuna ta sai sun yi tsaki. Layin gidan mai ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa. Tura mota ya zama aikin kowa a Jega. Mahauci ya ajiye wuƙa ya kama, tela ya bar keke ya kama, ka fito sayen goro a ce maka bawan Allah sa hannu. Ni dai ina da wani ciwon baya da ke tashi daidai irin wannan lokacin, kowa ya san shi, an ma daina kirana.

A cikin wannan hali Arzika ya sayi galan ɗaya wurin wani ɗan bumburutu a gefen hanya. Allah kaɗai ya san abin da aka gauraya a ciki. Suna dawowa daga Aliero injin ya yi tari, ya yi wata ƙara mara daɗi, ya buga. Da igiya aka jawo ta har ƙofar gida. Kanikawa suka duba suka girgiza kai. Ko da ma an gyara, me za ta sha? Nan ta zauna, ƙura ta hau ta, kaji suka gano kujerar direba tana da laushi suka fara ƙwai a kai.

Kawu ya ci gaba da fitowa dakali da safe, babu abin da zai saurara sai kajin. Wata rana na je gaishe shi, na tarar da su da Arzika.

"Na aika ma Gidaɗo," in ji Kawu.

Gidaɗo mai walda ne a Maiyama. Sana'arsa sayen matattun motoci, ya yanke ƙafafun baya ya ƙera amalanken shanu da su, sauran ƙarfen ya sayar wa maƙera.

Arzika ya ce, "Baba, yanke ta za shi yi hwa."

"Na sani. Gara ta shiga gona bayan shanu da ta zamna nan kaji na yi mata kashi. Mota in ta bar kuka ta mutu, Arzika. Ni ba ni aje gawa ƙohwar gida."

"Ka ba ni zuwa a ƙare kwasar albasa."

"Kana da mai?"

"A'a."

"Kana da inji?"

"A'a."

"To mi za ka tada ta da shi?"

"Ka dai ba ni, Baba."

Kawu ya murza kan sandarsa. Daga baya ya ce, "In ta tashi da kanta ta ɗauke ni, na hwasa. In ba ta tashi ba, Gidaɗo shi zo da wutatai." Maganar ta tsaya a haka, kuma duk mun san Kawu ba ya magana biyu.

Washegari Arzika ya rufe rumfa ya tafi Sakkwato, wurin masu gwangwan. Ya dawo a saman wata babbar mota rungume da wani abu naɗe a buhu. Da aka buɗe, sai ga wani dunƙulallen ƙarfe kamar turmin daka a kwance, da wayoyi masu kauri suna fitowa daga gefe. Ya ce injin lantarki ne, an ciro shi daga irin motar nan mai cokali biyu da ke ɗaga kaya a manyan sito. Daga ranar kowa ya riƙa ce masa turmi. Maƙwabta suka kore kaji, suka tura akori-kurar har rumfarsa.

Ya sauke mataccen injin, ya cire lagireto, ya cire tankin mai da salansa. Giya da kuloci ya bar su yadda suke, ya ce waɗannan lafiyarsu lau. Aikin da ya fi ba shi wuya shi ne haɗa turmin da akwatin giya. Farantin ƙarfen da aka yanka masa na farko ya karkace, da ya gwada sai motar ta kama rawar sanyi har madubi ya faɗo. Ya sake wani, ya yi ta gogawa da zarto yana aunawa da zare. Batura kuwa dama rumfarsa cike take da matattun na manyan motoci, waɗanda direbobi suka watsar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sabunta. Ya jera wasu a gurbin inji, sauran ya ƙera musu akwatin katako a bayan kan motar. In an kawo wuta sai ka ga ya bar abinci ya ruga ya jona, in an ɗauke ya dawo ya tarar tuwon ya huce.

Totur ɗin ya haɗa shi da wasu makunnai da ya ciro daga tsofaffin kik ɗin motoci, ya zama hawa-hawa. 'Yan tasha, da yake ba mai ba aiki, suka mayar da gaban rumfarsa majalisa, har suka raɗa wa hawan suna. Na farko tafiyar amarya, na biyu tafiyar mai zuwa kasuwa, na ƙarshe tafiyar wanda kare ya biyo. Ni ma nakan zo daga Aliero musamman don in tsokane shi.

Na ce, "Taubashi, tocilan za ka maida motar Kawu?"

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "In ta tashi kai za ka hwara hawa. In ta ɗauke ka, ta ɗauki komi."

Aka yi mini dariya. Gaskiya ne ina da jiki, ban musa ba.

Ranar gwajin farko ya haɗa wasu wayoyi a juye. Ya sa giya ta gaba, ya taka, motar ta yi baya ta ture bencin mai shayi da kofunansa. Mai shayin ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tsaya, don ya tuna abin da ya ture shi ba shi da inji. Arzika ya shiga ƙarƙashi ya musanya wayoyin, ya sake takawa. Ta zame gaba sumul, babu hayaƙi, babu tari, sai wani siririn fito da sai ka kasa kunne za ka ji. 'Yan tasha suka yi cirko-cirko. Almu direba, wanda ya fi kowa cewa ba za ta yiwu ba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ko an ɗaura igiya.

Da la'asar aka kai ta ƙofar gida. Kyauta ta goge kujera ta shimfiɗa sabon zane. Arzika ya kama hannun Kawu ya shigar da shi, ya zagaya ya zauna, ya taka a hankali. Ni ina gefe ina kallon fuskar Kawu, ina jiran in ga murna. Motar ta bi layin gidansu, ta karya kwana wajen mahauta. Kawu ya gyara zama ya yi murmushi, irin na dattijon da aka yi wa kara.

"Arzika, hwaɗa musu su huta haka nan. Sun yi ƙoƙari, Allah shi saka musu."

"Su wa, Baba?"

"Masu turin."

"Babu mai tura ta, Baba. Da kanta taka tahiya."

"Ina jin ƙahwahunsu. Ga Almu can shina haki."

Kuma Almu ne, yana haki. Rabin tasha ya biyo motar da gudu, da mahauta da wuƙaƙensu a ɗamara, da masu goro, kowa yana so ya taɓa ya ji ko da gaske ne. Wasu sun dafa ƙofar baya suna gudu tare da ita. Ka sa kanka a matsayin Kawu. Shekara da shekaru ya san mota ba ta motsi sai inji ya yi kuka, ga shi gari ne da kowa ke tura mota, ga takun ƙafafu a bayansa da numfashin mutane. Ni ma da idona a rufe yake haka zan ce. Arzika ya fito ya roƙi jama'a su ja baya. Suka ja, ya taka, suka sake biyowa. Ba a haifi wanda zai hana mutanen Jega bin abin kallo ba.

Arzika ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a garin, kowa ya gani, sai mutum ɗayan da aka yi dominsa. Ga albasa kuma ana ta kwasa, lokaci yana ƙurewa. A nan Almu ya kawo shawararsa, don ya wanke kansa daga hakin da ya yi. Ya ce tunda kuka tsohon ke so, a ba shi kuka. Shi ma yana da akori-kura irinta, da ɗan guntun mai a tanki. A tada tasa, a ɗauki ƙarar a kaset, a ɓoye rikoda a ƙarƙashin bonet. Kyauta da ta ji ta ce kada a yi, ta ce tsohon nan kunnensa ya fi idon mutane da yawa. Arzika ya san gaskiya ta faɗa, amma wanda ya matsu ba ya jin shawara mai kyau.

Aka sake shigar da Kawu. Arzika ya murɗa makulli, Almu ya danna rikoda, inji ya kama kuka daga gaba kamar gaske. Kawu ya karkata kai. Bai daɗe ba.

"Kashe."

Aka kashe.

"Wagga motar Almu ta. Filoginta guda bai ci tun bara, na gaya mashi bai gyara ba."

Wasu suka fara dariya, sai suka ga fuskarsa suka haɗiye. Ya juya wajen ɗansa ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Ido nir rasa, Arzika. Ban rasa hankali ba."

Ya lalubi ƙofa ya sauka. Arzika ya miƙo hannu, ya ƙi kamawa, ya bi bango da sandarsa har cikin gida. A ranar ya sa aka aika wa Gidaɗo cewa ba sai an jira ƙarshen albasa ba. Ban taɓa ganin Arzika cikin kunya irin ta wannan rana ba. Ya ba ni tausayi har na rasa abin tsokana, kuma ni in na rasa abin tsokana abu ya yi tsanani.

Amsar Gidaɗo ta dawo cewa shi ma ba shi da man da zai zo ya jawo ta, sai dai a kai masa. Maganar ta kai kunnen Kyauta. Da azahar ta dama fura ta kai wa Kawu, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ina zaune a wurin.

"Baba, in yi magana?"

"Ina jin ki, ɗiyata."

"Tun da kai kas saye ta, kai ya kamata ka miƙa ta da hannunka. Arzika shi kai ka Maiyama cikinta. In turi aka yi, ai masu turin sun gaji tun ba a yi nisa ba, kai kuma ka ji da kunnenka."

Kawu ya kurɓi fura. Ya sake kurɓa. Ya ce, "Kin hi mijinki wayo."

"Allah shi ba ka haƙuri, Baba."

"Ba don shi ba. Ina son in raka ta."

Muka zaɓi ranar kasuwar Aliero, da rana tsaka, lokacin da 'yan tasha da 'yan kallo duk sun watse. Na bar cinikina ranar, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurin dillali. Kafin mu tashi Arzika ya ja ni gefe ya gaya mini wata magana. Cajin da ke cikin baturan zai kai mu Maiyama, ko kuma ya kai mu rabin hanya ya dawo da mu gida, amma ba zai yi duka biyun ba. Akwai wata babbar tsamiya a gefen titi wajen tsakiyar hanyar. In muka wuce ta, to, sai hannun Gidaɗo.

Na hau baya na zauna a kan akwatin baturan, kaina kusa da tagar bayan kan motar, wadda ba ta da gilashi tun ranar da wani rago ya nuna rashin amincewarsa da tafiya. Duk abin da suke faɗa a ciki ina ji. Muka fita gari ba wanda ya biyo mu sai wani kare, shi ma ya gaji ya koma.

Titi fayau, saboda babu mai babu motoci. Rana tana dukan kwalta. Ba ka jin komai sai shuuu ɗin taya da ɗan fiton turmin, da sifirin yana ƙiƙi-ƙiƙi in an faɗa rami. Arzika ya bar tafiyar amarya ya shiga ta mai zuwa kasuwa. Kawu yana zaune a miƙe, sanda tsakanin gwiwoyinsa, fuska a ɗaure. Arzika ya sa giya ta sama ya taka har ƙasa. Iska ta cire mini hula na cafke ta da ƙyar. Na ga Kawu ya fitar da hannu ta taga ya buɗe tafinsa, iska tana tura shi baya. Ya daɗe a haka.

Muka wuce gonakin gero da aka girbe, muka wuce wasu mata ɗauke da itace, suka ajiye kayan suna bin mu da kallo. Arzika idonsa ɗaya a titi, ɗaya a kan allurar da ke nuna ƙarfin batir, wadda ta fara sunkuyawa. Daga nesa na hango kan tsamiyar. Na ga alamar tsohon ya yi niyyar kai ta har Maiyama.

"Tsaya," in ji Kawu.

Arzika ya gangara gefe ya taka birki. Kawu ya buɗe ƙofa da kansa ya sauka. Ya tsaya ya saurara. Babu taku, babu haki, sai kurciya a can cikin gona. Ya ɗora hannu a jikin motar ya fara binta zuwa baya, ɗaya hannun yana share iska da sanda, ko zai ci karo da wani. Ya zagaya bayanta ya shafa ƙofar baya daga wannan gefe zuwa wancan. Sai hannunsa ya sauka a kan ƙafata.

"Wa a nan?"

"Ni na, Kawu. Idi."

"Kai ɗai?"

"Ni ɗai."

Ya lalubo rigata ya ji a bushe take. Ya ce, "To in kai na, ba turi aka yi ba. Kai ko ƙohwa sai an buɗe maka."

Ban ji haushi ba ko kaɗan. A rayuwata ba a taɓa yin amfani da lalacina a kan abin kirki ba sai ranar.

Na zaci an gama, ashe da saura. Ya ƙarasa zagayen ya tsaya a gaba, ya ce a buɗe bonet. Ya zura hannu a inda injin yake da, ya shafa baturan, Arzika yana kare masa yatsu daga kan wayoyi. Ya kai kan turmin ya bar tafinsa a wurin.

"Da ɗumi," ya ce.

"I, Baba. In ta yi aiki takan yi ɗumi."

Kawu ya janye hannunsa. Ya koma ciki ya ja ƙofa. Arzika ya shiga ya zauna yana jira.

"Mu tahi."

"Ina, Baba?"

Kawu ya nuna gaba da haɓa, wajen Maiyama. Na ga wuyan Arzika ya saki. Ya sa giya ya taka, bai yi gardama ba, don ba a yi masa tarbiyyar gardama da ubansa ba.

"A hankali," in ji Kawu. "Kada ka taka. Bar ta ta gangara."

Muka riƙa tafiya kamar masu rakiyar tsohuwa. Tsamiyar tana ta matsowa, har na fara ganin 'ya'yanta suna reto. Kawu ya leƙa da kansa ta taga, kunnensa yana fuskantar baya. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Kana ji?"

"Mi, Baba?"

"Saurara mana."

Arzika ya saurara, ni ma na saurara. Can ƙasa-ƙasa akwai wani gur-gur-gur da ke zuwa yana komawa tare da juyawar taya. Da ba a nuna mini ba, har abada ba zan lura ba.

"Tsaya nan."

Muka tsaya, inuwar tsamiyar tana kan bonet.

"Boris na, wanda taya ka juyawa bisa shi, na ƙahwar baya ta hagu. Ya ci, kuma ba yau yac ci ba." Ya shafa ƙofar da ke gefensa. "Wa ya san tun yaushe taka gaya mani, injin shina hana ni ji. Gobe da sahe ka hidda shi ka sa wani. Kada ka ɗora mata ko buhu guda sai ka canza. Kuma ka sa girisi da yawa, na san ka da rowar girisi."

Arzika ya juyo ya dube shi. Ya ce, "Baba, gobe ai tana hannun Gidaɗo."

"Gidaɗo shi nemi gawa wani wuri. Wagga tana magana. Juya mu koma gida."

Arzika ya kama sandar giya zai sa ribas. Ya tura nan ta ƙi, ya tura can ta ƙi, akwatin giyar yana ta ƙara. Mutumin da ya haɗa motar nan da hannunsa ya rasa inda ribas yake, don idonsa ya cika da hawaye. Kawu ya lalubo sandar, ya ɗora hannunsa a kan na ɗansa, ya ce masa ya taka kuloci sosai, suka sa ta tare.